Daƙiƙa Biyar a Faifan Sulhu

Ya Ummu Firas, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin kwana shida ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga shago sai in ji kamar ana kirana a gida, in na je gida sai in tuna na bar na'ura a kunne. Matata ta ce ko dai in faɗi abin da ke cina, ko in daina zagaya mata tsakar gida. Na canja sunayen mutanen da zan ambata, amma sauran duk gaskiya ne.

Ni mai ɗaukar bidiyo ne a wani gari kusa da Karak, shekara ashirin da shida ina wannan sana'a. ’Yata Sausan tana aure a wani ƙauye da ke gaba da mu, ’ya'yanta uku. Bara waccan aka yi biki a ƙauyen, ƙanen mijinta ya ɗaga bindiga sama don murna kamar yadda samarinmu marasa jin magana suke yi, hannunsa ya karkace, harsashi ya sami wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya mai suna Rakan. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Kafin la'asar ta washegari an yi wa surukaina jalwa kamar yadda al'adarmu take in an zubar da jini, wato an kwashe su kaf daga ƙauyen, har da tsohuwar da ba ta iya tafiya. Wata goma sha huɗu ’yata ta yi a ɗaki biyu a wajen Ma'an, tare da mutum goma sha ɗaya. Babban jikana ya rasa shekara guda ta makaranta, ƙaramar kuwa a can ta koyi tafiya, a kan simintin da ba nasu ba.

To, manya suka yi ta kai gwauro suna kai mari, har Allah ya sa mahaifin yaron, Abu Nawwaf, ya yarda da sulhu. Shaihu Dahham ne ya jagoranci tawagar neman sulhun, shi ne kuma ya tsaya a matsayin mai lamuni, wato duk wanda ya karya sulhun fuskar Shaihu ya taɓa. Ya hana kowa fito da waya a cikin tanti, ya ce kamara ɗaya ta isa, kuma tawa ce. Ni da bakina na yi ta cika baki, na ce zan yi musu a kan sabon faifan nan na Bulure, wanda ake iya ƙirga gashin gemun mutum a cikinsa. Faifai uku aka ce in yi: na Shaihu, na gidan mamaci, na surukaina.

Ranar komai ya tafi daidai. Shaihu ya ajiye finjalinsa na gahawa bai sha ba, don a al'ada ba a sha sai an biya buƙata, ya yi magana, Abu Nawwaf ya tashi ya ce ya yafe don Allah, su sha gahawarsu. Ni kaina sai da na share ido a bayan kamara. Aka jeru ana gaisawa, sannan tsofaffin biyu, uban mamaci da uban mai harbi, suka rungumi juna. Daƙiƙa bakwai suka yi a haka, kuma duk wanda ke tantin nan su yake kallo.

Sai da na dawo shago na ɗora hoton a babban allo na ga abin da ke bayansu. Nawwaf, yayan marigayin, yana tsaye daidai kafaɗar mahaifinsa. Ya gama gaisawa da mijin ’yata ke nan. Ya ɗaga hannun, ya dube shi, ya goge shi a rigarsa a hankali, ciki da baya, yatsa bayan yatsa, idonsa a cikin kamarata. Daƙiƙa biyar cikin bakwai ɗin nan. Da a kaset irin na da ne, da sai dai a ga wani fari-fari yana motsi a baya, amma wannan hoton har zoben hannunsa ana gani.

Na gwada duk abin da na sani. Irin wannan hoton yana da gaɓoɓi kamar rake, in ka yanke a kan gaɓa ba ka rasa komai na tsabtarsa, kuma babu mai gane an taɓa. Na yanke, ya fita tas, amma rungumar ta tafi tare da shi, sai ka ga tsofaffin sun miƙa hannu, ƙiftawar ido kuma sun rabu, kamar masu jin haushin juna. Na gwada jawo hoton kusa don in fitar da Nawwaf daga gefe, dole sai na'ura ta sake matse hoton wajen, sai ya dusashe, fuskokin suka yi laushi kamar an shafa musu mai. Awa uku na hoto garau, sannan wuri ɗaya tak ya yi hazo, kuma wurin da kowa zai tsayar ya maimaita. Ko makaho ya san an yi wani abu.

Ina cikin wannan ne shekaranjiya Nawwaf ya shigo shagon. Bai zauna ba, bai karɓi shayi ba. Ya ce, “Baffa, na san ka ɗauka, don kai na kalla. Kada ka taɓa ko daƙiƙa ɗaya. Mahaifina ya yafe, ni ba a tambaye ni ba.” Ya juya ya fita. Na bi shi da ido har ya shiga mota, kuma wallahi ban ji haushinsa ba, tsoro na ji da tausayi a haɗe.

Ranar Alhamis surukaina za su yi mansaf, wato abincin walima na shinkafa da naman rago, su tara dangi a babban zaure su kalli faifan. A cikinsu akwai samari da suka dawo daga Ma'an da zuciya a kumbure, suna ganin an wulaƙanta iyayensu mata a kan laifin mutum ɗaya. In suka ga wannan hannun, ni na san abin da zai biyo baya, kuma ’yata za ta sake ɗaure kaya, in ma an tsaya a ɗaure kaya. In kuma na cire, Nawwaf zai duba wajen kafin kowa, ya shiga gari yana cewa surukin masu kisa ya yi wa faifan sulhu aski. Matata, da na gaya mata jiya, ta ce in ce na'ura ta cinye hoton duka. Ta yaya zan kalli Shaihu in faɗi haka? Wani lokaci kuma sai in ce wa kaina, kai wane ne da za ka goge abin da ya faru? An ɗauke ka ka nuna, ba ka gyara ba.

Akwai wani abu kuma, ban san ko yana da amfani ba, amma tunda na fara bari in gama. Ni na ɗauki bikin da aka yi harbin. Ina da Rakan a ciki, kusan minti huɗu, yana cikin layin rawa yana ƙoƙarin daidaita ƙafa da manya yana dariya. Ban taɓa ba kowa ba, ban ma faɗa ba, yana cikin aljihun tebur.

Ki gaya mini, akwai hanyar cire wannan abu ba tare da hoton ya lalace ba? Kuma in akwai, ya halatta in bi ta?

Mai Kamara, daga kudu

Ɗan'uwana Mai Kamara,

Allah ya jiƙan Rakan, ya ba iyayensa haƙuri, ya kuma kwantar maka da hankali. Bari in fara da tambayarka ta farko, don ita ce mai sauƙi.

Na tambayi wata ƙawata da ta tsufa a aikin haɗa hoto. Ta ce ka koma kan ainihin abin da kamara ta ɗauka, ba kan faifan da ka riga ka buga ba. Ka bar daƙiƙa biyun farko na rungumar yadda suke. Daga nan ka bar sautin ya ci gaba da tafiya, amma ka ɗora hoton fuskokin dattawan da ke zaune, wanda ka ɗauka a tantin nan da hasken nan, sannan ka dawo kan tsofaffin lokacin da suke rabuwa. In yankan bai faɗa kan gaɓa ba, ka sa na'urar ta sake matse bakin yankan kaɗai, ba dukan wajen ba, ido ba zai kama ba. Ta ƙara da cewa wanda ya yi shekara ashirin da shida a sana'ar nan ya san wannan tun kafin ta faɗa. Na yarda da ita. Ba rashin dabara ce ta hana ka zama ba.

Yanke wanda ba a gani ba zai amfane ka da komai, domin mutum ɗayan da ya san abin da ke wurin shi ne zai fara dubawa, kuma ya gaya maka haka da bakinsa. In ka cire a ɓoye, ka ba shi abin da ya fi goge hannu ƙarfi, ka ba shi damar cewa faifan gaba ɗaya ƙarya ne. In ka bari, ka kai wuta zauren da samari suka cika. Shawarar matarka kuwa, da gaisuwata gare ta, ba za ta kwana biyu ba za ta tonu.

Ra'ayina shi ne ka cire. Faifan sulhu ba shaida ba ce a gaban alƙali, abu ne da zai zauna a gidaje uku shekara talatin, yaran da ba a haifa ba su kalla. Ba daidai ba ne fushin rana ɗaya ya zama gadonsu, har da ’ya'yan Nawwaf ɗin kansa. Amma shi ma yana da gaskiyarsa, kada ka raina ta. An kashe masa ƙane, aka tsayar da shi a layi, aka ce ya miƙa hannu. Awa uku ana yabon manya da haƙurinsu, ina jin ba a ambaci sunan yaron fiye da sau uku ba. Wanda aka hana magana da baki, da hannu zai yi ta.

Saboda haka ka je wurinsa kafin Alhamis, da ƙafarka, kai kaɗai, ba a shago ba kuma ba ta waya ba. Ka gaya masa a fili cewa za ka cire, kuma kai ne uban Sausan, ba za ka yi masa ƙaryar cewa ba ruwanka da kowane ɓangare ba. Bayan shi, ka sanar da Shaihu Dahham da baki, a keɓe, domin fuskarsa ce a kan sulhun, kuma gara ya ji daga gare ka da ya ji a kasuwa. Ka roƙe shi ya ɗauki abin a matsayin ciwon saurayi da ke neman a zauna da shi, ba laifin da za a tara masa jama'a ba. In ka ga lokaci ya ƙure, ka ɗage kai faifan. Mansaf ba ya ƙin ciwuwa don babu bidiyo.

Minti huɗun nan na Rakan kuwa ba naka ba ne, na gidansu ne, kuma ka daɗe da riƙe su. Ka yanke su su kaɗai, ka tsaya nesa da lokacin harbin, ka buga su da duk tsabtar da kake alfahari da ita. Amma kada ka kai su rana ɗaya da maganar cirewa, kada ma ka ambace su a zaman, don kada ya zaci ciniki ka zo yi da ƙanensa. Ko ya yarda ko ya ƙi, ka kai bayan kwana biyu, ka tambaye shi ko mahaifiyarsu za ta iya kallo yanzu ko a jira.

Ba zan yi maka alkawarin zai karɓe ka da fara'a ba. Mai yiwuwa ya ɗaga murya, mai yiwuwa ya faɗa maka maganar da ɗan cikinka bai isa ya faɗa ba. Kada ka kare kanka, kada ka ce masa ya yi haƙuri, ya ji wannan kalmar har ta ishe shi. Ka zauna ka saurara har ya kai ƙarshe, domin wata goma sha huɗu ke nan babu wanda ya bar shi ya gama magana.

Allah ya tabbatar da sulhun nan, ya zaunar da Sausan da ’ya'yanta a ɗakinsu, ya sanyaya zuciyar Nawwaf, kai kuma ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Ummu Firas