Famfon Baba da Ƙuri'a Tara

Asabar, 4 ga Oktoba

Shi ke nan, Baba ya aikata. Na dawo daga asibiti a gajiye na tarar da fuskarsa manne a ƙofar gidanmu har wuri uku, kamar wanda ya ɓata ake cigiya. Ɗan takarar kansila mai zaman kansa. Alamarsa famfo. Mutumin da ya yi ritaya daga hukumar ruwa, maimakon ya miƙe ƙafa ya ji rediyonsa, wai shi ne zai kawo wa unguwa ruwa.

Hoton ma kaɗai ya isa ya sa mutum kuka. Hular ta yi masa yawa, ya zare ido. Wanda ya zana famfon kuwa ina jin bai taɓa ganin famfo ba, abin ya fi kama da wuyan agwagwa.

Na ce, Baba, ba ka da jam'iyya, ba ka da mota, ko lasifika ba ka da ita. Ya ce, "Ina da ku ai." Ya ci gaba da shafa gam.

Talata, 7 ga Oktoba

Yau ma babu ruwa a ɗakin wanke ciwo. Na gama da ƙafar wani tsoho mai ciwon suga, na tsaya hannuwa a sama ina jiran a tsiyayo min daga jarka. Tankin da kansilanmu ya zo ya yanke wa ƙyalle bara yana nan a bayan asibiti, ƙadangaru sun mai da shi gida. Ba a banza ake kiran mutumin nan Sai Gobe ba.

Dole ya sauka. Kuma duk mai hankali ya san Dogo na babbar jam'iyyar adawa ne kaɗai zai iya kayar da shi. Ba son Dogo nake yi ba, bakinsa ya fi aikinsa yawa. Amma an ce tazarar ba ta da yawa, duk ƙuri'ar da ta tafi wani wuri kyauta ce aka ba Sai Gobe. Ni da Baba abu ɗaya muke so, ruwa. Shi ne dai ya bi ta hanyar da ba ta ɓullewa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yara a layinmu sun fara kirana 'yar agwagwa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ranar hutuna guda, Baba ya mai da ita ranar makaranta. Ya tara mu a tsakar gida: Inna, Yaya da matarsa, Kawu, Auta da ni. Ya zana akwatuna a bayan tsohuwar kalanda, ya kawo tawada, wai atisayen dangwale. Yatsa a tsakiyar akwati, kar ya taɓa layi. A hura takarda sai ta bushe. A naɗe ta a tsaye, ba a kwance ba, don kar tawada ta shafi gidan wani ƙuri'a ta lalace.

Ya kayar da Inna sau biyu. Ta ce, "Malam, tun kafin ka san siyasa nake zaɓe." Ya ce shi ya sa ƙasa take haka. Kawu ya yi dariya har ya ƙware.

Da aka gama ya ƙirga mu da yatsa, ya haɗa da kansa. "Bakwai a akwatinmu. Waɗannan na aljihu ne." Da ya nuno ni sai na sunkuya ina goge yatsana da tsumma. Tawadar nan ko sabulu ba ta ji.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na faɗa wa mai ba da magani a wurin aiki abin da ke raina. Na ce ai ƙuri'a sirri ce, daga ni sai Allah, zan ba Dogo in dawo gida in yi shiru. Ta ajiye kwalbar hannunta ta dube ni.

"Ke kam. Sirri na masu jama'a ne. Wanda zai ci bakwai ai ya san sunayen bakwai ɗin. A gabansa za a ɗaga takardu ana ƙirgawa. In aka ce shida fa?"

Tun ɗazu abin yake cina. Ban taɓa tunanin haka ba. Wato mai ƙuri'a dubu ba zai san wanda ya guje shi ba, sai ubana.

Laraba, 22 ga Oktoba

Mun yi ta da Yaya a bakin ƙofa. Shi ma ya san Baba ba zai ci ba, ya faɗa da bakinsa. Amma wai uba uba ne. Na ce to a ɗakin zaɓe ake biyayya? In Sai Gobe ya dawo, shi zai zo ya riƙe min jarka? Na ce wannan asarar ƙuri'a ce kawai, a bar yaudarar kai.

Ashe Baba yana bayan ƙofa yana ɗaure wa maƙwabta kan famfonsu da ya kwance, famfon da rabonsa da ɗigo tun yaushe. Ya leƙo da sifana a hannu.

"Asara? Ina za ta je? Ai ƙirga ta za a yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya koma kan aikinsa. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Baba ya goge takalminsa. Ya sa Inna ta rage masa hular da allura. Ya bi ɗaki-ɗaki yana tuna mana: a tsaye, ba a kwance ba.

Kaina ciwo yake yi. Wa ya aike shi ne wai?

Asabar, 25 ga Oktoba

An yi.

Layi ya yi tsawo a filin makaranta, rana kamar ta dafa mutum. Baba yana gabana da mutum biyu. Ina hango ƙeyarsa daga bayan allon, ya daɗe yana hura takardarsa har malamin zaɓe ya ce, "Baba, a taimaka, jama'a na jira."

Da na shiga na buɗe tawa, ga jam'iyyu reras, wasu ko sunansu ban taɓa ji ba. Can ƙasa, dab da gefe, ga agwagwarmu. Na tsaya ina kallonta. Na tuna ƙafar tsohon nan da hannuwana a sama. Na dangwala wa Dogo. Na hura, na naɗe a tsaye yadda aka koya min.

Da yamma aka zazzage akwati. Ban so tsayawa ba, Auta ta riƙe min hannu. Ana ɗaga takarda jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi. Na Dogo tuli, na Sai Gobe tuli, lalatattu 'yan kaɗan a gefe. Da aka zo famfo matasa suka fara kukan agwagwa. Ɗaya, biyu, uku. A ta shida na runtse ido. Sai na ji bakwai. Takwas. Tara.

Tara!

Baba ya cire hula ya mayar. Ya juyo yana kallonmu, ido ya kawo ruwa. "Bakwai namu, biyu na waje. Kun gani? Biyu na waje!" Ya dafa kaina a gaban mutane ya ce Allah ya yi min albarka.

Na tsira. Ban san me ya sa abinci ya ƙi shiga ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Dogo ya ci, da tazarar da ko unguwarmu duka ta kwana a gida sai ya ci. Su waye ne suka yi ta cewa kankankan ake? A sauran akwatuna Baba bai samu komai ba sai ɗai-ɗai, ko a jikinsa. Shi ta akwatinmu yake.

Ya kamata in yi murna. Ina yi ai.

Talata, 28 ga Oktoba

Sabon salo: wai sai ya nemo mutum biyun nan ya yi musu godiya. Na ce Baba, ba a yin haka, sirri ne. Ya ce wanda ya ba ka abu ba ka san shi ba, ai nauyi ne a kanka. Ya sa takalmi ya fita.

Kafin azahar ya samo ɗaya. Mai askin bakin titi. Wai ya ce duk 'yan takarar nan Baba ne kaɗai ya taɓa shiga shagonsa ya zauna a layi.

Ni na san ba biyu ba ne. Uku ne. Allah ya sa ya tsaya a na biyu.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na biyu: direban motar 'yan makaranta. Shi da kansa ya tsayar da mota ya faɗa masa. Baba ya dawo yana ta fara'a, ya ce lissafi ya cika, ya rataye hula.

Alhamdulillahi. A rufe maganar nan haka, don Allah.

Dogo ya wuce ta gaban asibiti da jerin motoci, gilashi a rufe. Mai ba da magani ta ce in ɗaga masa hannu mana, ko zai gane ƙuri'ata. 

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Muna zaune gaba ɗaya bayan cin abincin rana aka yi sallama. Wata mata ce mai wanki da guga daga layin baya, ban ma san ta sosai ba. Ta durƙusa ta gai da Baba, ta ce ta ji ana neman waɗanda suka zaɓi famfo, ita ma tana ciki. Ta ce ta gaji da zaɓen wanda ƙinsa ya fi sauƙi, sau ɗaya dai ta so ta zaɓi wanda take so. Baba ya yi ta godiya, ya raka ta har ƙofa.

Kafin ya dawo Yaya ya gama lissafi da yatsu. Uku na waje. Tara ba uku, shida.

"Akwai wanda ya ci amana a gidan nan."

Ya fara da matarsa, ta ce ya ji tsoron Allah. Auta ta fashe da kuka tana rantsuwa, ita da wannan ne zaɓenta na farko. Kawu ya ce in an gaji da zamansa a gidan a faɗa masa kai tsaye. Inna tana ta salati. Ni kuwa cokali nake juyawa a kwanon da babu komai. Na ga idon Yaya yana tahowa kaina, ya tuna maganar bakin ƙofa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe.

"Tawa ce," in ji Baba daga bakin ƙofa.



"Tawa ce ta lalace. Yaron nan malamin zaɓe ya hanzarta ni, na naɗe tawada ba ta bushe ba. Tun a wurin na yi zargin haka, kunya ta hana ni faɗa."

Inna ce ta fara. Ta tafa hannu ta ce, "Malam mai kayar da mutane! A tsaye, ba a kwance ba!" Gida ya kaure da dariya, Auta tana yi da hawaye a fuska, Kawu har da buga ƙafa. Baba ya zauna a tsakiyarsu ya bar su suna yi masa tsiya son ransu.

Ni na gan shi ranar. Na ga yadda ya hura takardar nan har aka gaji da shi.

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da dariya ta lafa sai ya miƙo min kofinsa ya ce, "Uwata, ɗan ƙaro min ruwa." Na shiga kicin na daɗe a gaban jarka. Haushinsa nake ji, haushi sosai. Mutum ya bar ka ka faɗi laifinka ma ya ƙi.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Har yanzu babu ruwa. An ce Dogo yana kafa kwamiti.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Fostocin ƙofa sun fara ɓallewa, na cire su don gidan ya yi kyan gani. Biyu sun yage. Ɗayan na sa a ƙarƙashin katifa, saboda kar yara su samu abin wasa ne kawai.

Da zan dawo daga kasuwa na biya wurin mai zanen allunan shaguna. Hanya ce ta bi da ni. Na tambaye shi ko ya iya zana famfo, famfo na gaskiya mai kai da murfi, wanda ba za a yi masa kukan agwagwa ba. Ya ce na wane shago? Na ce ba yanzu ba, tambaya ce. Hoton ma sai an sake, ba da hular nan ba.

Da yamma Baba yana shan shayi yana lissafinsa na banza, wai zaɓe mai zuwa da tara za a fara. Inna ta ce goma dai, in ya koyi naɗe takarda. Ya yi murmushi ya juyo wajena, karon farko tun ranar Lahadi.

"Uwata, goma ɗin ne?"

Na ce goma ne mana, sai an yi ta maimaitawa? Na ce ya sha shayinsa kar ya huce.