Ogata ta ce kayan da na yi da hannuna daga Turkiyya suke

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai 'yan ofishinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, daga yau zuwa Asabar kawai nake da shi.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Abuja, ina da aure da yara uku, muna zaune a Gwarinpa. Shekara huɗu ke nan ina da wani abu da nake yi don jin daɗin raina. Ina zana ado a kwamfuta, sai in sa siririn katako ko robar nan mai kama da gilashi a cikin ƙaramin injin leza da na saya, haskensa ya bi zanen yana yankawa. Da shi nake yin tire, da abin ɗora kofi, da murfin kwano, da zoben da ake zura adiko a teburin cin abinci. A wani wurin aiki da ke Idu na koya, wata shida ina zuwa duk Asabar, katakon da na ƙona kafin hannuna ya faɗa Allah kaɗai ya san yawansa. Yawancin zanen daga faifan kakata na ɗauko, da adon ƙwaryar da muka taso muna gani a Zariya. Ba sayarwa nake ba, in na gama in shafe su da mai in jera a falo, wasu in ba 'yan uwa.

Ogata a ofis darakta ce, bari in kira ta Hajiya. Irin matan nan ne da ko ruwa za ta ba ka sai ta faɗa maka ƙasar da aka yi kofin. Sau biyu ta je Dubai, har yau ba mu gama jin labarin ba. Ranar da ta ga abin ɗora kofi a teburina ta tambaya, na ce ni na yi, sai ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce ashe muna da kafinta a ofis ba mu sani ba. Daga ranar sunana ya koma Madam Kafinta, in na makara ta ce ko ina can ina fama da zarto, in ta wuce ta kusa da ni ta ce tana jin ƙauri. Ban taɓa tanka mata ba, don ni ban ga abin jin haushi a maganar matar da ko zare ba ta iya zurawa a allura ba.

Watan jiya ta tare a sabon gida, aka ce kowa a ofis ya kai wani abu. Na yi mata tire shida da kayan tebur na mutum goma sha biyu, sati uku ina aikinsu. Ba don ta cancanta ba, so nake ta ga aikin kafinta da idonta. Ta karɓi kwalin ko buɗewa ba ta yi ba. Ranar walima ina shiga na tarar an jera su a babban tebur, manyan mata sun kewaye suna ɗaukar hoto. Ina tsaye a bayanta, jakarta ma a hannuna take, sai matar wani babban mutum ta tambaye ta inda ta samo su. Ko ido ba ta ƙifta ba ta ce, "Oda na yo daga Turkiyya, ai ba a samun irin wannan a ƙasar nan." Matar ta ce shi ya sa, aikin waje daban ne, wata kuma ta ce ta taɓa ganin irinsu sak a Istanbul. Faifan kakata fa, wanda take bakace da shi. Na tsaya ina kallonsu da gwala-gwalansu, ba wadda ta gane abin da ta taso tana gani a tsakar gidansu.

Ranar Litinin Hajiya ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa, ranar ba ta ce mini Madam Kafinta ba, sai ƙanwata. Ta ce matar nan tana son irinsu don bikin 'yarta, ta riga ta ba ta lambata a matsayin wakiliyar kamfanin a Najeriya, kuma in daina sa harufan sunana da nake sawa a ƙasan kowane tire. Na ce ranki ya daɗe ai wannan ƙarya ce, ta ce in na faɗi gaskiya na tozarta ta a gaban mutanen da take jin kunya. Tana magana ta jawo fom ɗin tantance aikina na ƙarshen shekara, wanda ƙarin girmana ya rataya a kansa, ta ajiye a gabanta tana buga biro a kai.

To ga inda na ba da kaina. Ranar Laraba ina cikin gosulo a hanya matar ta kira, ta ce ke ce ta kamfanin Turkiyya, na ce eh. Wallahi ban san lokacin da kalmar ta fita ba. Ta tambayi kwana nawa kaya ke yi kafin su iso, na ce sati uku. Tun ranar ban kunna injin ba, ko ɗakin ba na son shiga. Shekara da shekaru ina raina Hajiya saboda ƙaryar burga, ga shi waya ɗaya aka yi mini na zama irinta.

Yanzu matar ta ce Asabar za ta zo shagonmu ta ga samfur. Shagon kuwa ɗan sito ne a bayan kicin ɗina, injin na gefe buhun shinkafa na gefe. Maigidana ya ce katako ne kawai, in kai mata samfur gida in ce shagon ana gyara, in karɓi ƙarin girmana a wuce wurin. Yayata ta ce in na yi wannan sai na yi na gaba, don Hajiya ba za ta tsaya a mutum ɗaya ba. Ni kuma shekara shida ina jiran matakin nan, kuma na ga yadda Hajiya ta sa aka jefa wata abokiyar aikinmu Legas a kan abin da bai kai wannan ba. Ita ma matar da za ta zo ba wai tana burge ni ba ne, na san tana jin an ce a Gwarinpa aka yi za ta fara ganin aibin da ba ta gani ba a da.

Jama'a, musamman waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashin irin Hajiya, me zan yi? In buɗe mata siton in kunna injin a gabanta, ko in tare ta a falo in ce yanzu aka sauke kayan daga jirgi? Adireshin gidan dai na riga na tura mata ɗazu, saura abin da zan faɗa in ta iso.