Ƙeyar da Na Bar Maka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga maigidana, Baban Umair, sanyin idona, ruwan randata, inuwar mangwarona a tsakar rana, wanzamin da manya da yaran unguwar Birik ta Yawunde ke sunkuyar wa da kai! Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawan ɗigon ruwan da ke dukan kwanon rufinmu tun tafiyarka. Ina fatan kana lafiya a gidan ƙaninka Siddiƙ, ina kuma fatan sauron unguwarsu ta Etoudi suna jin kunyarka, tunda kai ba ka ji tausayina ba.

Ka gaya wa mutane ka tafi yi wa fataken shanu ƙaho. To, Allah Ya ba da sa'a. Amma ni da kai mun san abin da ya fitar da kai daga gida, kuma ban iya kewaye-kewaye a takarda ba, kamar yadda ban iya shi a baki ba. Ka shigo ɗaki da hantsi ka tarar da ni ba ɗankwali, kaina ba kitso, gashin da ya rage bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, tondez ɗinka, injin askin nan da kake ji da shi, yana kan tabarma da sauran ɗuminsa. Ba ka yi faɗa ba. Da ma faɗan ka yi! Ka dai tsaya kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa, ka rataya zabirarka, ka fita ba sallama. Tun daga ranar gidan nan ya zama kamar masallaci bayan an watse, komai yana wurinsa amma babu kowa.

Ya hasken asubata, bari in faɗa maka a hankali, yadda na saba magana, amma don Allah kada sanyin muryata ya ruɗe ka: ba zan mayar da kitso ba.

Ka san gashin nan da ido, ni kuwa na san shi da fata. Tun ina yarinya ake danne kaina tsakanin gwiwoyin makitsiya, ana ja har girata ta ɗage, ana cewa in yi haƙuri, ado sai da wahala. Na yi haƙuri. Da aka shigo da defirizan, man nan mai miƙar da gashi, na yi haƙurin ƙunarsa, har ya bar mini gyambo a tsakar kai. Gaban goshina ya yi ta ja da baya kamar bakin rafi a lokacin rani. Kullum da safe ina gaban tanda ina juya waina, gumi yana taruwa ƙarƙashin kitso da ɗankwali da hijabi, ƙurajen suna ci kamar an barbaɗa barkono. Sau nawa ka ga na ɗago daga sujada ina dafe da kai? Sau nawa ka aika farmasi a sayo mini maganin ciwon kai, alhali maganin yana cikin zabirarka? Likitar da ta duba ni ta ce in bar fatar nan ta sha iska, in ba haka ba abin da ya zube ba zai sake tsirowa ba. Na zo na faɗa maka. Na roƙe ka ka rage mini shi da hannunka, ka ce hannunka ba zai iya ba. Na bari aka kwana biyu na sake roƙo, sai ka yi dariya ka ce, ga tondez can a kan taga, in kin isa ki yi. Maigida, ashe na isa.

Kada ka zaci na yi abin nan da ka. Ka san ni, ko allura ba na ɗauka sai na tambayi hukuncinta. Na taka har unguwar Ekoudou wurin Malama Fadimatu, wadda na yi karatun tsarki da salla a gabanta, na durƙusa na tambaye ta. Ta ce aska kam kada ta hau kan mace sai da larura, amma saisaye babu laifi, muddin ba don kwaikwayon maza aka yi ba, kuma miji ya sani. Shi ya sa na saka wa injin bakin robar nan da kake kira nimero de, wato lamba biyu, don kada ya kai ga fata. Na yi bisimilla kafin in kunna. Gashin da ya zuba kuma ban bar shi iska ta kwasa ba, na tattara shi na binne a gindin gwaibarmu, yadda kake yi da na jarirai. To, ina laifina, ya sanyin zuciyata? A wane babi ne na saɓa?

Yaya Kulsum ta zo, na san kai ka turo ta, ko kuwa shirunka ne ya turo ta. Ta yi salati har maƙwabta suka leƙo, ta ce, ke Saliha, soja za ki shiga ko gidan yari kika fito? Na ba ta kujera, na ba ta shayi, don yayarka ce, uwa ce a wurina. Sai ta zaro peruk, gashin kantin nan da ake kifawa a kai, daga leda, wai daga kasuwar Mokolo ta sayo, baƙi wuluk har gadon baya, ta ce in riƙa sawa in za ka shigo, ba wanda zai sani. Na ce, Yaya, Allah zai sani. Abin da aka karantar da ni shi ne kada mace ta haɗa gashinta da wanda ba nata ba, kuma ban ga yadda zan shafi kan wata a alwalata ba. Ta ce taurin kai ne zai kashe mini aure. Na naɗe mata kayanta da kyau na raka ta har bakin titi. Amma da na dawo na zauna na yi ta tunani: wa ke ganin kan nan nawa? Liman bai gani, masu sayen waina ba su gani, 'yan moto masu acaba ba su gani. A duk faɗin Yawunde da tsaunukanta, namiji ɗaya ne Allah Ya halatta wa ganinsa. Ashe duk shari'ar nan tsakanin idonka ne da kaina. Don me za mu kira shaidu?

Ka tuna ranar sunan Afra'u? An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk jan taɓo, aka shimfiɗa tabarma a rumfa. Ka ce ba wanzamin da zai taɓa kan 'yarka sai kai. Ina leƙe ta bayan labule, na ga ka ɗora kanta a tafin hannunka kamar mai riƙe da ƙwan tantabara, askar tana tafiya kamar ba ta taɓa ta, ko motsi yarinyar ba ta yi ba. Da ka gama ka ɗaga ta sama, kan nan fes yana sheƙi, ka ce, masha Allahu, yanzu ne na ga fuskarta sosai. Wallahi a ranar na ƙara son ka, son da ya fi na ranar da aka kawo ni gidanka. Na ce a raina, mutumin da hannunsa ke da tausayi haka, ko wuyana zan iya miƙa masa. Yanzu ga Afra'u a ɗakin mijinta da nata 'ya'yan, kai ka aske su duka. Kusan duk macen da aka haifa a layinmu, kai ne farkon wanda ya ga kanta ba gashi, kuma ba ka taɓa cewa ɗaya ta yi muni ba. Sai ni? Ni kaɗai ce ba za a ɗaga a ce masha Allahu ba?

Kuma me kake gaya wa dattawan da sanƙo ya kama, in sun zauna a bencinka suna shafa kai suna tsaki? Ina jin ka ta taga. Cewa kake yi, Alhaji, gashi baƙo ne, kai ne mai gida. To, baƙona ya yi sallama ya tafi, mai gidan tana nan.

Na san abin da kake kewa, kuma ban raina shi ba. Na san ranakun da kake zaunar da ni kana yi mini tsifa da kanka, kana cewa gashina kamar hadarin da ke taruwa a kan dutsen Mbankolo. Ni ma na so maganar, na adana ta. Amma hadari ai don ya zubar da ruwa yake taruwa, ya gushe a ga sarari. Zo ka ga sararin, ya farin watana! Zo ka ga furfurar da kitso ke ɓoyewa, ta fito ɗige-ɗige kamar an watsa gero a kan baƙar ƙasa. Zo ka ga tabon da na samu ina ƙarama da na faɗo daga kan turmi, wanda ni kaina na manta da shi. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare, ashe akwai wani wuri a jikina da ba ka taɓa gani ba. Wace mata ce a shekaruna za ta iya ba mijinta sabon abu irin wannan?

Da ka san daɗin da nake ji, da ka taya ni murna. Ranar farko da na yi alwala, na shafa kai, ruwan ya taɓa fatata kai tsaye, sai da na yi ajiyar zuciya. Wanka kuwa babu sauran wasiwasin ko ruwa ya ratsa ko bai ratsa ba, wasiwasin da ka sha yi mini dariya a kansa. Ina wanke shi da sabulun salo, in shafa man kaɗanya kaɗan, kafin in ɗaura zane ya bushe. Gyambon ya fara kamewa. Ina juya kaina a matashi ta kowane gefe ba abin da ke ja na. Matsala ɗaya na samu, ɗankwali ya daina zama, sai santsi yake yi, don haka na sa telan bakin layi ya ɗinka mini 'yar hular auduga ina sawa a ƙarƙashi. Shekaranjiya da aka tsuge da ruwa, na rufe ƙofar gida, na tsaya a tsakar gida ba komai a kaina, ni da jikoki, kamar yarinya! Abu ɗaya ne ya rage wa daɗin: ba ka nan ka ce mini, Saliha, mura za ta kama ki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gaba na yi shi daidai, gefe da gefe ma ba laifi, don na daɗe ina kallon hannunka. Amma ƙeya ta gagare ni. Ba na ganinta, madubi biyu ma na haɗa abin ya ƙi. In na shafa sai in ji tudu a nan, kwari a can, wani wuri da tsawo kamar gonar da akuya ta shiga ta fita. Mu'mina maƙwabciyarmu ta ce in kawo ta daidaita mini, na ce a'a, na gode. Wurin yana da mai shi. Kuma ka fi ni sanin cewa irin wannan askin ba a yin sa sau ɗaya a huta, duk bayan mako biyu sai an bi shi. Aiki ne na muddin rai, ni kuwa mutum ɗaya na yi wa alkawarin muddin rai.

Ga rigarka ta Juma'a nan na wanke na goge, na ba Siddiƙ tare da takardar nan. Ka duba aljihun dama. Jelar kitso ɗaya ce na ware ban binne ba, mafi tsawo, na naɗe ta a farin ƙyalle. In gashi ka aura, to ga matarka nan na aiko maka, ba ta ci ba ta sha, ba ta mayar da magana, ku zauna lafiya a Etoudi. In kuwa ni ka aura, ina gida.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan ajiye kujera a gindin gwaiba. Na goge tondez da alkol, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, na ɗiga masa mai yadda kake yi, na cika masa caji ko da za a ɗauke wuta. Zan zauna in ba ƙofa baya, don kada ka sha wahalar haɗa ido da ni. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan ba ka ba. Ka dai ɗora hannunka na hagu a kaina kamar yadda ka ɗora a na Afra'u, ka ce sunkuya, in sunkuya.

In kuma ba ka zo ba, ya abin ƙaunata, ba zan yi kuka a titi ba, ba zan kai ƙara wurin kowa ba, abincinka kuma ba zai fasa zuwa ba. Zan ci gaba da saisaye gaba da gefe da hannuna, ƙeyar kuwa ba wanda zai taɓa ta, ta yi ta tsiro a karkace yadda ta ga dama. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, matan da za su yi mini wanka su juya ni su gani, su tambayi juna: wai wannan ba matar wanzami ba ce? Ka tanadi amsar da za ka ba su, ko kuwa ka zo Juma'a.

Ni ce taka, da gashi da babu, a damina da rani, har ranar da za a ɗaura mini ɗankwalin da ba a kwancewa,

Saliha