Maɗacin Gonar Kawu Agyenim

Litinin, 4 ga Maris

Na dawo gida da digirin kimiyyar gandun daji, da ƙudurin kafa masana'antar kujerun alfarma daga itatuwan ƙananan manoma. Zan fara da katafaren maɗacin da ke tsakiyar gonar kokon Kawu Agyenim. Na gabatar masa da manufar dalla-dalla. Ya ce, "Furofesa, ci fufunka kada ya huce."

Alhamis, 7 ga Maris

Ta'asa! Na tarar da Kawu yana sassaƙe ɓawon maɗacin da adda domin ya bushe a tsaye. Na riƙe hannunsa, na shaida masa cewa wannan zagon ƙasa ne ga tattalin arziki.

"Sake ni, ɗan nan. Ni na shuka shi? Da kansa ya fito. Wanda ya fito da kansa kuwa na masu takardar izini ne, ni inuwa kawai na samu."

Na san dokar, har jarrabawa na rubuta a kanta. Ya dakata, albarkacin mahaifiyata, ƙanwarsa.

Asabar, 16 ga Maris

Masu katako sun shiga gonar maƙwabciyarmu, Maame Fosuwa. Itace guda suka yanka. Tsakanin faɗuwarsa da jansa zuwa titi, rabin kokonta ya kwanta. Na same ta zaune kan kututturen, ba kuka, tana tara ɗanyun 'ya'yan koko a zanenta.

"Mai ilimi, wannan kuma me ake ce masa da Turanci?"

Ban samu kalma ba. Ni!

Lahadi, 17 ga Maris

Ban je coci ba.

Laraba, 20 ga Maris

Wakilin masu katakon ya zo gonarmu da gwangwanin fenti, zai yi wa maɗacin alamar yanka. Na bubbuga itacen, na bayyana wa mutumin, a matsayina na ƙwararre, cewa wata muguwar cuta ta rarake cikinsa kaf. Na kawo sunanta da Latin. Ya rufe gwangwaninsa ya tafi. Lafiyar itacen ƙalau.

A hanyar dawowa na ga wani ɗan maɗaci ya tsiro tsakanin koko, bai kai gwiwata ba. Domin nazari kawai na tsuguna. Ban san yadda aka yi ya biyo hannuna har da saiwarsa ba.