Zif Daga Tsallaken Iyaka

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Tunda kin damƙa mini shagon ɗinkin, ga tsarin shekara goma da na rubuta, shafi arba'in. Na hango matsala uku: yadi ya yi tsada, wuta ta ƙi zama, ko wani ya buɗe shago kusa da mu. Kowacce na tanadi maganinta. Kuma zan sallami tsohon dillalinki na zif. Na tsallaken iyaka ya fi araha, kwana biyu kaya sun iso.

A huta lafiya.
Ɗanki

Manaja,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, idona ne shafi arba'in ɗinka ya kusa ƙarasawa. Ka yi ƙoƙari. Amma a duk hasashenka shugabannin ƙasarmu da ta tsallaken iyaka dariya suke yi da juna. Wa ya ba ka tabbacin shekara goma? Ni shekara talatin ina ba direbobin da ke tsallaka iyaka shayi a shago, ba don kirki kaɗai ba. Yanzu ma suna leƙo ni. Sun ce kwastan ɗin can da na nan sun daina cin abinci tare. Kada ka saki dillalina.

Allah ya yi albarka.
Gwaggonka

Gwaggo,

Barka da war haka. Da kunya nake rubutowa. An rufe iyaka, yau kwana tara. Wandunan makaranta dubu biyu na jibge kan tebur babu zif, saura mako uku a koma karatu. Teloli ashirin na sallama gida, ɗaya har ya tambaye ni ko ya nemi wani aikin. Dillalin kuwa tun bara na yanke shi, ko waya ban yi masa ba. Wallahi Gwaggo, abin da kika jiyo a bakin direba, mu da kwamfutocinmu ba mu gano shi ba. Ban san mai kai irin naki ba. Ki ba ni shawara.

Ɗanki mai neman afuwa

Manaja,

Gaisuwa mai yawa. Kai ka yanke shi, ni ban yanke ba. Da matarsa ta kwanta asibiti sau uku na je da sandata. Ya ajiye mana katan shida na zif. Amma kada ka aika direba. Ka je da ƙafarka, ka zauna, ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri kafin ka ambaci zif.

Ka gaya wa teloli su fito aiki ranar Litinin.

Gwaggonka