Wa Kuka Ba Makullin Sirrin Ɗiyata?

Zuwa ga Hajiya, shugabar ƙungiyar agajin da ke kula da matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da aiki, tare da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatanki.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haifi 'ya'ya shida sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau hannuna bai saki ba. Kwana tara ina rubuta wannan takarda ina sokewa. Ban ba kowa ya rubuta mani ba, don yanzu tsoron ba mutum maganata nake. Saboda haka kuma ba zan sa sunana ko na ƙauyenmu ba.

Sau uku ina zuwa ofishinku na Ƙanƙara. Zuwan farko aka ce kin tafi Katsina. Na biyu aka miƙo mani shinkafa a leda, alhali ba ita ta kawo ni ba. Na uku wani ma'aikaci ya saurare ni a tsaye, ya ce za a duba. Shi ya sa na fito fili. Duk abin da zan faɗa nan babu wanda gari bai riga ya ji ba.

Na farko, alherinku da alkawarinku. Bara da damina aka tare motar da ɗiyata ta fari ke ciki a hanyar Daudawa. Ta yi kwana arba'in da ɗaya a daji. Da Allah ya fito da ita, ku kuka yi mata maganin ƙafafunta da suka ruɓe, ku kuka kai ta ga likita mace. Ban manta ba. Bayan haka wata malama daga cikinku ta zo gida da waya, ta ce za ta ɗauki bayaninta, ta kuma tabbatar mana babu mai ji sai likita da ke kanki. Cikin tambayoyin akwai ko ta gane wani a can. Ta gane. Mutumin yankinmu ne, mai kai wa 'yan bindigar man babur da burodi. Ta ƙi faɗa. Ni na dafa ta na ce ta faɗa, waɗannan mutanen kirki ne. Hajiya, ni na ce ta faɗa.

Da aka zo cika takardar yarda, malamar ta tambaye ni sunan ɗiyata. Ke ma Bahaushiya ce, kin san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. Sai na karɓi biron na rubuta shi da kaina, a hankali, harafi bayan harafi. Malamar ta yi dariya ta ce sannu da ƙoƙari, ta ɗauki hoton takardar.

Na biyu, yadda abin ya fito. Sati uku bayan babbar sallah, ina shanyar kuɓewa a tsakar gida, wata maƙwabciyata ta shigo ta miƙo mani wayar mijinta. Ban tsaya karantawa ba. Daga nesa na gane karkataccen rubutuna. A ƙarƙashinsa ga hoton ɗiyata, ga takardar likita da abin da aka yi mata a daji wanda ko mahaifinta ba mu gaya wa ba, ga kuma muryarta tana ambaton sunan mutumin. Maƙwabciyar ta ce tun kwana biyu ake turawa daga waya zuwa waya, har garin Mairuwa ya kai. Kuma ba nata kaɗai ba ne. Na ga fuskokin wasu mata huɗu da na sani.

Na uku, abin da na bincika. Na je har gidan malamar da ta ɗauki bayanin. Ta yi kuka, ta rantse ba ita ba ce, na kuma yarda da ita. Ita ta fahimtar da ni cewa ba cikin waya kuke ajiye waɗannan abubuwa ba. Akwai wani rumbu a intanet da kuke zuba komai, ana buɗe shi daga ko'ina da lambar sirri. To wannan lamba guda ɗaya ce tal, kuma ku goma sha ɗaya ke riƙe da ita. Likita na da ita. Mai rabon abinci na da ita. Direba ma na da ita, don yana zuba hotunan rabon kaya. An ce an yi haka ne don aiki ya yi sauri, tunda sabis ɗin waya ba ya tsayawa a ƙauyukanmu, duk wanda ya samu sai ya tura. Ɗaya daga cikin masu rabon abincin ya bar aikinku tun kafin azumi. Babu wanda ya tuna ya rufe mashi ƙofa. Da ya matsu ya kai wayarsa kasuwar Ƙanƙara ya sayar, rumbun na buɗe a cikinta. Wanda ya saya ya shiga ya yi ta kallo.

Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na san rumbu. A gidanmu idan za a kai niƙa, auna wa mai kaiwa ake yi a kwano, ba a cire mashi makulli a ce ya shiga ya ɗiba. Me mai rabon shinkafa zai yi da takardar likitan ɗiyata? Sunan mutum da yawan mutanen gidansa sun ishe shi. Me direba zai yi da muryarta? An gaya mani kun canza lambar bayan ɓarna ta auku, amma har yanzu ɗaya ce ga kowa. Ke nan gobe wani ya sake sayar da waya, a sake komawa gidan jiya.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Kwana biyar da fitar muryar, mutumin nan ya zo ƙofar gidan mijin ɗiyata bayan la'asar, jama'a na gani. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya tambayi jikin mai ɗakin, ya ce a gaishe ta da kyau. Bai ƙara komai ba, ya hau babur ɗinsa. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da irin wannan gaisuwa ke nufi. Washegari mijinta ya ɗauke ta da jaririnta suka bar garin. Gyaɗar da ta shuka na nan a gona, ba mai cirewa.

Ga abin da nake roƙo, don girman Allah.

Ki ba kowane ma'aikaci makullinsa daban, wanda ba zai buɗe mashi komai ba sai abin da aikinsa ke buƙata. Bayanin likita da muryoyin matan nan a ware su, kada su wuce hannun mutum biyu. Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki, a ranar za a kashe makullinsa, ba sai an tuna ba. Malamar ta ce ana iya sa rumbun ya riƙa rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma ya ƙi buɗewa a baƙon hannu sai an turo wata lamba. Idan akwai wannan, me ya hana tun farko?

Ki aika a gaya wa kowace mace da ke cikin rumbun nan abin da ya faru, baki da baki, a ɗakinta. Akwai waɗanda har yanzu ba su san an ji su ba, suna zuwa rijiya suna gaisawa da waɗanda suka ambata.

Ki goge muryar ɗiyata daga wajenku. Na san wadda ta shiga wayoyin mutane ba ta dawowa. Amma ta wajenku ita ce na ba da izini a ɗauka, yau na janye.

Sannan ki daina aika ma'aikata su ɗauki bayanin wasu matan har sai an gyara wannan. Ciwon ƙafa yana jira. Wannan ba ya jira.

Na ƙarshe, ɗiyata na buƙatar wurin zama mai nisa da abin da za ta riƙe kanta da shi. Idan za ku taimaka, ku nemi yayan mijinta, malamar ta san shi. Kada ku zo wurina tambayar inda take, don ban sani ba. Ni na roƙi mijinta kada ya gaya mani, saboda na san kaina, idan aka ɗora mani bindiga ban da tabbacin bakina zai riƙe. Wata biyu ke nan ban ji muryarta ba sai a wayoyin mutane. In kun same ta, ina roƙonki, kada ku rubuta wurin a ko'ina.

Allah ya ba ki ikon gyarawa, ya tsare maki naki 'ya'yan, ya rufa maki asiri duniya da lahira. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Wassalam.

Daga wata uwa a ƙasar Faskari.