Ta ce in gyara mata, ni kuma na ƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don Allah ki sakaya sunana kamar yadda muka yi magana. Shawara nake nema, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Abin ya faro kusan wata uku da suka wuce, wasu maganganun ta waya aka yi su, wasu kuma ba a gabana aka yi ba, labari aka ba ni, don haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sauya wata kalma ba da niyya ba. Iyakar abin da na riƙe zan faɗa.

Ni 'yar Damagaram ce. Karatu ya kawo ni Faransa, na yi shekara huɗu a Lyon a gidan kawuna, wan mahaifiyata, a unguwar Bron. Sifaniyanci na karanta har na gama digiri na biyu, yanzu ina zaune a La Courneuve, kusa da babban birnin ƙasar, nesa da Lyon, ina koyar da yara darasi a gidajensu kafin Allah ya kawo aiki tsayayye. Kawu yana da shago a unguwar Guillotière, atamfa da turare da kayan miya na gida. Shi ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, kuma tun ranar da na gama ya daina kiran sunana, sai dai Malama. Yana da 'ya, zan kira ta Mariama, ba sunanta ba ne. A Lyon aka haife ta, tana shekara ta biyu a jami'a, kasuwanci take karantawa, amma dole ta ci darasin Sifaniyanci na matakin tsakiya kafin a ba ta shekarar.

A farkon zangon karatu na je Lyon hutun ƙarshen mako. Muna shago Mariama ta fito da takarda mai shafi biyu, ƙa'idojin ajin Sifaniyancin ne, malamarsu ta ce kowa ya karanta ya sa hannu. Kawu ya ce a gidansa ba a sa hannu a takardar da ba a san cikinta ba, ya miƙo mini ya ce Malama fassara mana. Na bi ta layi-layi. Wanda ya yi fashi sau uku ba da takardar likita ba ya faɗi. Waya a cikin jaka. Aikin da aka kawo a makare ana rage masa maki kowace rana. Ba a magana da kowane harshe a aji sai Sifaniyanci, a nan Kawu ya ce to in cikinta ya murɗa fa, da wane yare za ta nemi fita? Da na zo kan cewa wanda ya makara minti goma an rubuta shi bai zo ba, ya ce wannan kam a ƙara tsanantawa, ai Mariama tun tana ciki take makara, sai da likita ya je ya taso ta. Muka yi ta dariya, ita tana cewa kai Baba.

Sai sakin layi na ƙarshe, wanda ya shafi rubutun da ake yi a gida. Abin da na faɗa musu shi ne, kada ta yi amfani da na'urar fassara, kuma kada wani ya rubuta mata. Amma abin da takardar ta ce ya fi haka. Ta ce ba a yarda wani ya rubuta ba, ba a yarda wani ya gyara ba ko da harafi ɗaya ne, mai neman gyara ya je wurin malama a lokacin da ta ware a ofishinta. Na ga wannan layin da idona. Har yau ban tabbata me ya sa na taƙaita shi ba. Ina jin wata mata ta shigo sayen kuka a daidai lokacin, amma ba zan ɗora mata ba. Wataƙila na ga tsaurin ya yi yawa ne, wataƙila kuma a raina na riga na san ni za a riƙa turo wa gyaran, ban so in rufe ƙofar da bakina ba. Mariama ta sa hannu a kan teburin shagon, Kawu ya ce Allah ya ba da sa'a.

Bayan kamar mako shida ta turo mini saƙon murya. An ba su rubutu na shafi ɗaya a kan wani mutum da suke ƙauna a danginsu, ita ta zaɓi kakarmu, wadda ta haifi Kawu da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, Allah ya ji ƙanta. Ta ce Yaya don Allah ki ɗan gyara mini, ƙananan kurakurai kawai. Na buɗe na karanta. Gaskiya rubutun bai yi muni ba, daidai matakinta ne, kurakuran da kowane ɗalibi yake yi ne. Sai dai babu Inna a ciki. Ta ce tana da kirki, tana dafa abinci mai daɗi, tana son jikokinta. Ba laifinta ba ne, sau biyu kacal ta taɓa ganinta. Ni kuwa a ɗakin Inna na tashi.

Ku da kuka san kasuwa kun san gyara iri biyu ne. Akwai na ɗaukar abin da ya karkace a miƙe shi, akwai kuma wanda mai sayarwa yake ɗorawa a kan mudu bayan an gama awo. Na farko Mariama ta roƙe ni, ni kuma na yi mata na biyu. Na gyara kurakuran, sannan hannuna ya ƙi tsayawa. Na rubuta yadda Inna take zama a bakin ƙofa da wasiƙar Kawu idan ta iso daga Faransa, ta riƙe ta a juye, tana shinshina ta, tana jiran wata jikarta ta dawo daga makaranta ta karanta mata. Yadda take sa a maimaita sau biyu, ta ce kada a tsallake ko gaisuwar maƙwabta. Yadda take ninke ta ta sa a cikin wata kwalla mai murfi a ƙarƙashin zannuwanta. Ban faɗi sunan jikar ba, ni ce. Na rufe da jimla ɗaya, wadda ma'anarta ita ce, da a ce kakata ta yi makaranta, da ba ta jira kowa ba kafin ta ji muryar ɗanta. Irin wannan jimla ta da a ce, wadda a Sifaniyanci take farawa da si hubiera, sai a aji na gaba ake koyar da ita. Na san haka sarai, ni da nake koyarwa.

Dole in faɗi wannan ma don kada in zalunce ta. Da ta karanta ta kira ni ta ce Yaya wannan ya yi kyau da yawa fa, anya? Ni na ce mata miƙa kawai, ai labarin kakarki ne.

Makon da ya wuce malamar ta tsayar da ita bayan aji. Yadda Mariama ta ba ni labari, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sakin layin wasiƙar nan ya taɓa ta, ta nemi Mariama ta sake ba ta labarin da baki, sannan ta bayyana mata yadda aka gina jimlar ƙarshe. Mariama ta kasa. Malamar ta fito da takardar da ta sa wa hannu ta ajiye a gabanta, ta ba ta zuwa Litinin mai zuwa. In ta faɗi gaskiyar yadda aka yi rubutun, sifiri za ta samu a wannan aikin kaɗai, kuma za a bar ta ta rubuta wani a aji a gaban malama. In ta dage cewa ita kaɗai ta yi, za a miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa, su kuma suna iya soke mata darasin gaba ɗaya, ko abin da ya fi haka, ban san iyakar ikonsu ba. Abin da Mariama ta iya cewa kawai shi ne ba ta yi amfani da na'ura ba. Kuma gaskiya ta faɗa.

Ta koma gida idonta ya kumbura, Kawu ya tsare ta da tambaya. Ta rantse masa da Allah ba na'ura ba ce. Ya ce to karanta mini abin da kika rubuta da Hausa. Ta fassara masa da irin Hausarta. Matar Kawu, Hajiya, ita ta gaya mini cewa da aka zo kan kwallar nan sai ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya daɗe bai fito ba. Washegari da safe ya kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba. Ya ce Malama, ke da kika yi karatu, gaya mini, na'ura ta san Inna? Na'ura ta san kwallar da take ajiye wasiƙuna? Ni kaina da na rubuta su ban san tana shinshina su ba sai jiya. A tunaninsa Inna ce ta ba Mariama labarin a zuwansu na ƙarshe. Bai kawo ni a ransa ba ko kaɗan, ina jin ya manta wace ce take karanta wasiƙun, ko bai taɓa sani ba.

Daga nan ya ce matar nan ta ga baƙar yarinya mai ɗankwali ta yi rubutu mai kyau ne, zuciyarta ta ƙi yarda. Ya ce in rubuta masa takardar ƙorafi zuwa ga shugaban sashen, da irin Faransancin da ke sa Bature ya gyara zama, shi zai sa hannu ya kai da kansa ranar Litinin. Ya riga ya ba abokansa na Guillotière labari, har wani ya ce zai raka shi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, to Kawu, bari in duba.

Ba na cewa irin abin da Kawu yake zargi ba ya faruwa. Yana faruwa, ni kaina na gamu da shi ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ma abin ya fi yi mini nauyi, domin a wannan karon, iyakar sanina, matar ba ta yi komai ba face bin takardar da ta raba wa kowa. Mariama da kanta ta ce haka take yi wa kowa a ajin, babu wanda take ɗaga wa ƙafa. Idan na rubuta ƙorafin nan, na ɗora wa baiwar Allah laifin da na san nawa ne, kuma na tura maganar gaban kwamitin da hannuna, inda za a sake tambayar Mariama jimlar da ba za ta iya bayyanawa ba.

Na kira Mariama na ce zan gaya wa Kawu gaskiya. Ta fashe da kuka ta ce kada in kuskura. Ita shawararta ta je ta ce wa malama na'ura ce, ta karɓi sifirinta, a rufe maganar. Na ce ƙarya ce, kuma kin riga kin rantse wa Baba akasin haka, in ya ji fa? Ta ce Yaya ke ba ki ga fuskarsa ba, tunda aka haife ni bai taɓa kallona haka ba, jiya har tambayata ya yi me Inna ta ƙara gaya mini. Muka yi sa-in-sa. Ta ce ai ni na fassara takardar, ni na ɓoye layin. Na ce ai ke kika sa hannu, kuma kina iya karantawa. Na yi nadamar wannan maganar tun kafin in ajiye wayar, yarinya ta amince da yayarta ne. Tun ranar saƙona take karantawa ba ta amsawa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai tsoron kaina a ciki. Mutumin da ya ciyar da ni shekara huɗu, yake nuna ni ga abokansa yana cewa ga Malamar gidanmu, zan zauna a gabansa in ce na rage masa fassara, na jefa 'yarsa a matsala, sannan na bar shi kwana da kwanaki yana zargin wata. Amma abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne abin da zan karɓe daga hannunsa. Labarin kwallar gaskiya ne, Inna ta yi duk abin da na rubuta. Sai dai shi ba labarin kaɗai ya sa shi kuka ba, ya ɗauka 'yarsa da aka haifa a nan ta riƙe uwarsa a zuciya har haka.

Na sayi tikitin jirgin ƙasa na ranar Asabar zuwa Lyon. Na buɗe shafin ƙorafin sau uku, ban wuce gaisuwa ba, kuma ina jin ba zan wuce ba. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara. In fara samun Kawu ni kaɗai, ko in bi ta wurin Hajiya? In rubuta wa malamar da sunana in ce ni ce, ko hakan zai ƙara dagula wa Mariama, tunda ita aka ce ta faɗa da bakinta? Kuma ina da haƙƙin fasa wannan magana alhali wadda abin zai faɗa wa ta roƙe ni in yi shiru? Waɗanda suka koyar a jami'o'in nan, ko suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ku gaya mini abin da kuka sani. Iyaye kuma ku gaya mini, in ku ne Kawu, wanne za ku fi so, a bar ku da abin da kuka ɗauka ko a gaya muku?

Na san akwai 'yan Lyon a zauren nan, wataƙila wani ya riga ya gane gidan. In haka ne ina roƙon sirri zuwa Litinin. Wanda ya ji wata magana daga cikin waɗannan da kunnensa, ya ga na faɗe ta ba daidai ba, ya tura wa admin ta isar mini. Ke ma ƙanwata, in kina karantawa, duk inda na yi kuskure ki gyara mini. Gyara kawai, kada ki yi irin nawa.